Kyanwar da Ta Zama 'Yar Aiken Inna

Ni ɗan fari ne. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, daga wajen Haɗeja aure ya kawo ta Gashuwa, ta kuwa taho da kunyar garinsu kaf, ba ta bar komai a hanya ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ba ta kuma taɓa fuskantata ta yi mini magana ba. Ni ne "mutumin nan", in na ɓata mata rai in koma "wancan". Ni ma a haka na tashi. In zan gaishe ta sai in durƙusa daga bakin ƙofa, idona a kan yatsun ƙafata. Da za a ce in faɗi kamannin tabarmar Inna da na faɗa tsaf, har inda ta fara zarewa, amma fuskarta sai dai in ba da labarin yadda na san ta ina yaro. Matan masunta maƙwabtanmu suna yi mata tsiya, wai ko surukai ba sa yin irin wannan, ita kuwa ko a jikinta.

Sa'ad da ƙanwata take gida ba mu sha wahala ba, don ita ce 'yar aike. Ina zaune a gabansu Inna za ta ce mata, "Gaya wa mutumin nan tuwonsa na hucewa." To, babanmu ya rasu, aka kai ƙanwata ɗakin miji a Jakusko, gida ya rage daga ni sai Inna. Sai ta koma ba wa randa saƙo. Ta tsaya a gabanta ta ce, "Yau dai babu gero a gidan nan." Ni kuma in dubi ƙyaure in ce, "Za a kawo." Da haka muka yi ta zama, kuma ba mu taɓa kwana da yunwa ba.

Bandar kifi ce sana'armu. Ni nake sarowa daga masunta a bakin kogi, Inna ta gyara ta jera a kan wuta, in ya yi ja ya bushe in ɗaure a kwanduna in kai Nguru, inda dillalai suke loda wa jirgin ƙasa. Lokacin Turawa ba su tafi ba, gyaɗa tana tashe, duk saurayin da ya isa keke yake hawa. Buri biyu gare ni a duniya, keke da gemu. Keken ina tara masa kuɗi a wani ɗan tulu a ƙarƙashin gado. Gemun kuwa Allah ya ba ni kyauta, ya fito baƙi wuluk, ina shafa masa man gyaɗa. A gari kowa ya tanka, abokai suka yi ta kirana bunsuru, tsofaffi suka fara ce mini malam. Inna ce kawai ba ta ce komai ba, ko ga randa. Abin ya ci mini rai ƙwarai, amma na ce kunya ce, na haɗiye.

A shekarar da nake ba da labari idanu huɗu ne suke ciwo a gidanmu. Ni biyu na gani.

Bayan ɗaukewar damina ne, ruwa ya fara janyewa daga fadama, kifi ya yi arha, wutar banda ba ta mutuwa. Ina jawo itace a bayan ɗaki sai na ji kuka siriri. 'Yar kyanwa ce ja da fari, ba ta fi cikin tafin hannu ba, uwar ta kwashe sauran ta bar ta. Da farko na yi murna, don ɓeraye sun raina mu, har a gabana suke jan tarwaɗa. Da na ɗaga ta zuwa haske sai murnar ta koma ciki. Idanunta a jiƙe suke, kwantsa ta like su, kuma fatar idon ta sama kamar an gutsure ta daga gefe, gashin fuska ya kwanta kai tsaye a kan ƙwayar idon. Tana ƙiftawa tana kai hannu tana sosawa.

Na dubi ƙyaure na ce, "Kyanwar da ba ta ganin ɓera ai ƙarin baki ce kawai. Bari in mayar da ita inda na gan ta."

Inna ta miƙo hannu ta bayan mayafi, ta lalubo kyanwar, ta shafa fuskarta da ɗan yatsa a hankali. Sannan ta ce, "Ke mage, gaya wa wancan ba daga kwanonsa za ki ci ba."

Daga ranar nan randa ta yi murabus.

Ban taɓa ganin an yi jinyar dabba kamar yadda Inna ta yi jinyar magen nan ba. Da safe ta wanke mata ido da ruwan ɗumi. Ta sa mata kwalli, har kyanwar ta fito kamar mai zuwa biki. Ta aika gidan wata mai jego aka ɗiso mata nono a cokali, wai shi ake ɗiga wa jarirai. Akwai wata matsefata da kullum take rataye a wuyan Inna, irin wadda ake cire ƙaya da ita, ni a zatona ta ƙayar kifi ce. Da ita take cire wa kyanwar gashin da yake shiga idon, da lalube, kyanwar tana tsala ihu tana yakushi. Na ga ana laluben, na ce a raina hayaƙi ne, don duk macen da take banda idonta a cikin hawaye yake.

Kullum ina shan kunu a tsakar gida ake karanta mini halin da majinyaciya ta kwana. Ba ni ake gaya wa ba, amma muryar tana isa har zaure.

"Sannu mage. Yau ma a like suka tashi ko? Sai an jiƙa kafin su buɗu. Kamar an zuba miki rairayi, kowace ƙiftawa da tata azabar. In rana ta take kuma hasken ya soke ki har cikin kai."

Wata rana kuma ta ce, "An cire miki, kin samu kwana biyu kin huta. To na san sabon da yake tsirowa ya fi tsohon tsini. Ga shi mutane sun fara zame miki inuwa, sai dai ki gane su da takunsu."

Ni kuwa in ce a raina, tsohuwar nan da iya ƙawata zance take, kyanwa ce ta gaya mata?

Sannu a hankali Nguru ta shigo cikin hirar. "An ce a Nguru akwai masu maganin ido, mage. Amma ina mu ina Nguru? Masu kuɗin gidan keke za su saya." Na gane hannunka mai sanda ake yi mini, na kuwa hau dokin zuciya. Wa ya taɓa kai kyanwa asibiti? Malamin dabbobi shanu yake dubawa da dawaki, abin da in ya mutu an yi asara. Na ba abokaina labari a bakin kogi, suka yi dariya har wani ya kusa kifar da kwalekwale. Ɗaya ya ce in zan je in tafi masa da ƙadangaren gidansu, yana fama da mura. Na toshe kunnena na yi kwanaki ina cin tuwo a zaure.

Ina cikin wannan taurin kai hakiya ta rufe idon kyanwar na hagu, ya yi fari fat. Wata safiya na gan ta ta nufo kwanon madararta, ta kauce, ta buga goshi da turmi, ta zauna tana girgiza kai. Na fara dariya. Inna ta ɗauke ta ta ɗora a cinya, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ɗaya ya tafi, mage. Saura ɗaya."

Ba ta ambaci keke ba, ba ta ce wancan ba. Dariyar ta maƙale mini. Na dubi kyanwar na ce, "Ke, ki shirya, ranar kasuwar Nguru da ke za a tafi."

Na yi lissafina irin na ɗan kasuwa. Kuɗin tulu ba za a taɓa su ba, da su zan tafi in sayo kekena, a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ladan malamin dabbobi kuwa da kifi zan biya. Na zaɓi manyan tarwaɗa masu maiƙo na cika wani ƙaramin kwando daban. Saura matsala ɗaya: direbobin wancan zamani ba sa ɗaukar kyanwa, sun ce motar da ta ɗauke ta ba ta isa lafiya. Na yi tunani na yi tunani, sai wata dabara ta zo mini wadda har yau nake mamakin kaina. Na sa kyanwar a cikin ƙaramin kwandon, na rufe da kaba na ɗaure.

Muka hau bayan mota a kan buhunan gyaɗa, ni da kwandona a cinya. Ba mu kai Jajimaji ba motar ta kafe a rairayi. Aka sauko aka tura. Muka ɗan taɓa tafiya ta sake kafewa. Direban, wani gajere mai jan ido, ya zagayo yana duban mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Yau akwai wanda ya shigo mini da abin da bai dace ba." Na sa kafaɗa na tura motar nan fiye da kowa, ina salati da ƙarfi don kada a ji kuka daga kwando. Ashe wahalar banza na yi. Kwandon shiru kake ji, har na fara tsoron ko ta mutu.

Da muka sauka a Nguru na laɓe bayan wani shago na kwance kabar. Tana nan lafiya lau, ciki ya yi tulu, gashin baki yana ƙyalli. Da ma kifi ɗaya ta zauna ta cinye da na gode mata. A'a, kowanne sai da ta ɗanɗana, ta ci wajen maiƙon ta wuce na gaba. Na ba kura ajiyar nama, da hannuna na ɗaure ƙofar kuma.

Malamin dabbobi yana aiki a wani fili kusa da tashar jirgi, inda ake duba shanu kafin a loda su zuwa kudu. Na bi layi a bayan makiyaya, kowa da igiyar saniyarsa a hannu, ni da kyanwa a hammata. Wani dattijo a cikinsu ya leƙo ya ce, "Samari, wannan saniyar taka ta ina ake tatsarta?" Na ce masa ba ta haihu ba tukuna.

Malamin babban mutum ne mai tsage a fuska, Hausarsa tana da ɗanɗanon Barbarci. Ya gaishe ni da harshensu ya ce, "Wushe, wushe. Ina dabbar?" Na miƙa masa. Ya yi dariya har ya dafa shinge, amma bai kore ni ba. Ya wanke hannu, ya zauna a kan turke, ya juya fuskarta zuwa haske ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Haka aka haife ta. Fatar idon ba ta ƙarasa ba, shi ya sa gashi yake gogar ƙwayar. Ina ganin irinsa jefi-jefi a 'ya'yan kyanwar da ake tsinta. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama za a cece shi in ana cire gashin a kai a kai, ana sa man ido. Wa ya sa mata kwalli?"

Na ce mahaifiyata ce.

"A daina. Yaya take kwana?"

Nan na ga wurin nuna ƙwazo. Na zayyana masa duk abin da na haddace a bakin kwanon kunu: yadda suke tashi a like, da rairayin, da hasken da yake sokewa har cikin kai, da sabon gashi da ya fi tsoho tsini, da yadda mutane suka zame mata inuwa sai dai ta gane su da taku.

Ya daina shafa kyanwar. Ya ce, "Ita ta gaya maka?"

"Mahaifiyata ce take faɗa."

"Samari, shekaruna da yawa a aikin nan, dabba ba ta taɓa gaya mini haske yana sokinta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mahaifiyar taka tana da matsefata?"

"A wuyanta take kwana."

"Yaushe rabonka da duban idonta?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗan fari ne."

Ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya fasa. Ya ce mini ciwon da na zayyana na mahaifiyata ne, sunansa amodari, yana naɗe fatar ido ciki har gashin ya riƙa kartar ƙwayar, in aka bar shi makanta ce ƙarshensa. Ya ce wannan ba aikinsa ba ne, amma a asibitin garin ana yin ɗan aiki a juyo da fatar waje, kuma kada in bari a sake damina. Sai a lokacin na gane. Na tuna ƙanwata da Inna a bayan ɗaki, kan Inna a cinyarta, ni ina zaton kitso ake yi. Tun da aka kai ƙanwata Jakusko babu mai cire wa Inna gashin ido.

Na tura masa kwandon ina ba da haƙuri. Ya ɗaga tarwaɗa ɗaya, ya ga gurbin haƙora, ya ɗaga ta biyu. Ya ce, "Majinyaciya ta riga ta cire zakka. Na karɓa." Man idon kuwa ya ce babu shi a wurinsa, sai a kanti.

A kantin da ake sayar da man, nan kekunan suke jere, baƙaƙe masu sheƙi. Da mai kanti ya faɗi kuɗin ɗan man nan da bai kai yatsa ba, na ce ko da zinariya aka dama shi. Na kwance bakin zanen kuɗin keke na biya. Sauran na ƙulle da kyau, na san inda za su. Kafin in fita na je wurin keken da na daɗe da zaɓa, na kaɗa ƙararrawarsa, na ji daɗin ƙarar, na yi gaba. Ban yarda garin neman gira in rasa ido ba.

Washegari da hantsi na isa gida, kyanwar a aljihun rigata. Inna tana bakin wuta tana juya kifi. Na durƙusa na yi gaisuwa, na miƙa kyanwar, da ta sunkuyo za ta karɓa sai na yi abin da ban yi ba tun ina yaro, na ɗaga kai. Fatun idanunta sun kumbura sun yi ja, sun naɗe ciki, ɗan gashin da ya rage yana kwance a kan ƙwayar. Na hagu ya yi hazo. Tana kallon wajena, amma ba ta san ina kallonta ba. Tausayi da kunya suka kama ni lokaci ɗaya, na rasa wanda ya fi zafi.

Na gyara murya na ce, "Ke mage, gaya wa uwar ɗakinki an ba ki magani. Ki kuma gaya mata mako mai zuwa ita ce da shiga mota."

Hannun Inna ya tsaya a bayan kyanwar. Can ta ce, "Gaya masa ni lafiyata ƙalau. Hayaƙi ne."

"Gaya mata malamin ya ce wannan hayaƙin a asibiti ake kashe shi."

"Gaya masa ni ba a sa mini wuƙa. Kuma kuɗin keke ne."

"Gaya mata keken ya ce zai jira. Ke ma da kika je ai da ƙiba kika dawo."

Kyanwar tana tsakaninmu tana lasar hannu, ba ta isar da ko ɗaya ba. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ban sani ba dariya ce ko kuka. Daga ƙarshe ta ce, "To a aika Jakusko. Ni ba zan kwanta a gaban wancan ba."

Ƙanwata ta zo, ta yi mini faɗa son ranta, ta ce Inna ce ta rantsar da ita kada ta gaya mini. Muka kai Inna Nguru aka yi aikin. Su biyu suna ciki, ni ina gindin bishiya a waje ina zaman ɗan fari. Kuɗin tulu suka tafi a mota da masauki da abinci da magani, ko na ƙararrawa bai rage ba. Idon hagu bai dawo ba, na dama aka samu, kartar kuma ta daina. Kyanwar ma da ido ɗaya ta tsira, ta girma ta zama dodon ɓerayen unguwa, sai dai duk abin da ya biyo ta hagu ya sha. Cire mata gashi ya dawo hannuna, har yanzu akwai tabon farcenta a babban yatsana.

Bayan mun dawo gida kumburin ya saɓe, wata safiya na je gaisuwa kamar kullum. Na durƙusa a bakin ƙofa, kaina a ƙasa. Na gama gaisuwar ban ji an amsa ba. Sai na ji a jikina ana kallona.

Inna ta ce, "Ke mage. Tun yaushe mutumin nan ya ajiye gemu?"

Na ce wa kyanwar, "Gaya mata ya kusa shekara biyu."

Ta ƙara dubana. Sannan ta ce, "Na ubansa ne sak. Gaya masa kada ya aske."

Keke na saye shi daga baya, na hau har ya tsufa na sayar. Gemun yana nan, ya yi fari fat, aska ba ta taɓa hawa kansa ba.